Ciwon Motar Babana

Babana yana da wata tsohuwar a-kori-kura, Peugeot 504, irin ta masana'antar nan ta Kaduna wadda aka buɗe a 1975. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita muke ci, da ita kuma ake biya mini kuɗin makaranta. Kowace Juma'a yakan ɗauki buhunan hatsi da awakin mutane daga Ɗankaza zuwa kasuwar Wudil, ya komo da kayan masu tireda.

A bazarar 2024 sai motar nan ta ɓullo da wani hali. Da asuba, murɗa makulli ɗaya take tashi. Amma in an yi tafiya da rana, aka kashe ta na ɗan lokaci, to fa ba ta sake tashi sai ta huce. Masu ba da shawara suka yi caa. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce fulogi ne, wani ma ya ce baki aka yi mata. Baba ya sayi sabon batir, ya sayi fulogi huɗu, amma ciwo yana nan.

Wata Juma'a an gama lodi a kasuwa sai ta ƙi tashi. Muna ji muna gani masu kaya suka sauke kayansu, suka shiga wata motar. Da dare na ji Baba yana gaya wa Inna zai sayar da ita ko nawa aka taya. Ban yi barci ba, domin na san in mota ta tafi, karatuna ya bi ta.

Kashegari Kawu ya kai mu wurin wani tsohon bakanike a Wudil. Abin da ya ba ni mamaki, bai fara ɗaukar sifana ba. Tambaya ya yi ta yi.

"Malam, da sanyi take ƙi ko da zafi?"

Baba ya ce, "Da zafi."

"In ka murɗa makulli, injin yana juyawa da ƙarfi ko nishi yake?"

"Da ƙarfinsa."

"To, wa ya taɓa ta kafin ta fara?"

Sai Baba ya tuna cewa da hunturu bututun mai ya taɓa tsagewa a hanya, wani yaro ya yanke shi ya haɗa da tiyo na roba.

Tsoho ya ce a zagaya da ita har ta yi zafi, sa'an nan a kashe. Bayan kamar minti goma aka murɗa makulli, ta ƙi. Ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, matso ka gani. Inji abu uku yake so: iska, da mai, da wuta. Tun da yana juyawa da ƙarfi, batir ba shi da laifi." Ya zare wayar fulogi ya kusantar da ita ga jikin inji, aka murɗa, muka ga tartsatsi shuɗi. Ya ce, "Wuta lafiya lau." Sa'an nan ya buɗe saman kafireto ya leƙa, ya ja totur. Ko ɗigon mai bai fito ba. Ya jiƙa tsumma da ruwan randa, ya lulluɓe famfon mai da tiyon. Ba a daɗe ba aka sake murɗawa, ta yi tari sau biyu ta kama.

Ya bi tiyon da ido, sai ga shi kwance dab da ƙarfen da hayaƙi ke bi daga inji zuwa salansa. Ya ce, "Ga ɓarawon. Man ne ke tafasa a ciki."

Nan take na tuna da darasinmu na kimiyya. Ruwa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 100. Shi kuwa fetur gauraye ne, wani sashensa yakan fara zama tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba, ga shi a ƙasar Kano zafin rana kaɗai yakan kai haka a watan Afrilu. Muddin mota tana tafiya, fanka tana hura iska, sabon mai kuma yana zuwa daga tanki. Da an kashe ta, fanka ta tsaya, zafin inji ya taru a ƙarƙashin murfi, man da ke cikin tiyo ya koma tururi. Famfon kuwa an yi shi ne don jan mai, ba ya iya tura tururi. Shi ya sa da hunturu ba mu ga kome ba, sai da bazara ta kama.

Gyaran bai ɗauki awa guda ba. Ya sa sabon bututu, ya mai da shi tsohuwar hanyarsa nesa da zafi, ya ɗaure. Kuɗin bai kai rubu'in na batir ba. Ya ce wa Baba, "Ka gode wa Allah. Da tiyon nan ya narke a kan ƙarfe mai zafi, da ba motar kaɗai za ka rasa ba."

Kafin mu tafi ya ƙara mini karatu. In inji yana nishi da zafi, a duba kan batir da abin tayar da inji. In babu tartsatsi, a zargi kwayil. In ana jin warin fetur, mai ne ya yi yawa, sai a take totur har ƙasa a riƙe, a murɗa. Motocin zamani kuwa famfonsu yana cikin tanki, saboda haka tafasar mai ba ta cika damunsu ba.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, Baba ya kashe kuɗi mai yawa a kan abin da lafiyarsa ƙalau, don kawai ba wanda ya tsaya ya tambayi yaushe ciwon yake tashi. Tambaya uku suka hana a sayar da motarmu, suka kuma bar ni a aji. Ashe da gaskiyar Hausawa da suka ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, amin.