'Yar Garinmu a Bayan Tasha

Ina 'yar shekara goma sha biyu aka ɗauko ni daga Zadawa aka kai ni Azare wajen gwaggona, mai tuwo-tuwo a bakin tasha. Aikina wanke kwanuka da kai abinci. Cikin gidajen da nake kai wa har da na magajiya, can bayan tasha, ɗakuna a jere kowanne da labulensa. Nan na yi kiciɓis da wata 'yar garinmu. Na san gidansu, har alkakin bikinta na ci. Tana da shekara goma sha huɗu aka ba da ita ga sa'an mahaifinta. Sau uku tana yaji ana mayar da ita, a na huɗu ba ta nufi gida ba.

Ta riƙo hannuna ta ce, "Ƙanwata, in kin je gida, ba ki gan ni ba."

Na ce, "To, Yaya."

Har yau raina yana ɓaci in na ji ana cewa jahilci ne ya kashe irin waɗannan mata. Yaya ta san ƙanjamau sarai. Ma'aikatan lafiya sukan zo da kwalin kwaroron roba, Gold Circle, magajiya ta raba musu, ita kuma ta adana nata a tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Wata rana ina tsugune ina wanke-wanke na ji tana gaya wa gwaggo a hankali: "In na ce wa mutum sai da roba, ɗakin gaba zai wuce. Kuɗin ɗaki kuwa kullum ne, ga yarinya a gida ba sabulu." Gwaggo ba ta tanka ba, sai ta ƙara mata nama a miya. Wanda ke da kuɗi a aljihu shi ke yanke magana a ɗakin nan, kuma shi ke ɗaukar cutar ya kai wa matarsa da ke cikin kulle.

A 2001 aka fara aiki da shari'a a jihar Bauchi, gidan ya watse. Ban yi baƙin cikin rufe shi ba. Abin da ya dame ni, babu wanda ya tambayi inda matan suka nufa. Wasu suka kama haya a lunguna, wasu suka bi manyan motoci, masu kawo kwali suka zo suka tarar da kwaɗo a ƙofa. A shekarar ce kuma alƙaluman cutar a Nijeriya suka kai ƙololuwa, kashi 5.8 cikin ɗari.

Cikin dare aka mayar da Yaya Zadawa, ta rame, ga tari. A waje aka ce sammu ne, a cikin gida ana raɗa "kabari kusa". Aka ware mata ɗaki da kwanonta da moɗarta. Sai a 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da maganin kyauta, ita kuwa ba ta kai ba.

Na je gaishe ta sau ɗaya. Ta nemi ruwa, na ɗebo mata a moɗar, ta sha ta rage, ta miƙo mini kamar yadda muka saba a Azare. Na ce na ƙoshi. Ta dube ni, ta ajiye moɗar a ƙasa.