Daga Gonakin Inabi Zuwa Karofin Ƙofar Mata

A ƙasashen da ke bakin teku, masu harkar yawon buɗe ido sun daɗe da lura cewa baƙon da ya zo hutun bazara, idan ya yi kwana biyu ko uku yana wanka yana kwanciya kan yashi, sai gundura ta kama shi. Kafin ya haɗa kayansa sai su ja shi zuwa gonakin inabi na kusa, su nuna masa yadda ake shuka da tsinka da matsewa da ajiya cikin ganguna. A Afirka ta Kudu, wasu manoma uku na Stellenbosch, garin da ke da nisan kimanin kilomita 50 daga Cape Town, su ne suka haɗu a 1971 suka tsara hanya guda da baƙo zai bi daga wannan gona zuwa waccan. A Faransa kuwa, wanda ya je gaɓar Arcachon da wuya ya koma gida bai leƙa gonakin Bordeaux ba.

Abin da suke matsewa giya ce, kuma addininmu ya raba mu da ita. Dabarar dai tana da amfani a gare mu: matafiyi yana son ya ga inda ake yin abu, ya ji bayani daga bakin mai yin sa, sannan ya saya a hannunsa. Da haka kwana uku ke komawa biyar, kuɗin kuma ya shiga aljihun mai sana'a kai tsaye. 'Yan'uwanmu Musulmi na Maroko sun gane haka. A birnin Fas, baƙi kan hau benaye su leƙa majemar Shuwara, da ganyen na'ana'a a hanci saboda wari, su sauko su sayi jaka da takalmi. Alhali kuwa wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, fatar jar akuya ce daga ƙasar Hausa, wadda ayari ya riƙa ketare Sahara da ita.

Kano ba ta da teku, amma tana da abin da ke tara jama'a, wato hawan Sallah, da hawan Daushe, da hawan Nassarawa, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. Baƙi kan zo daga Abuja da Legas da ƙasashen waje, su kalli dawakai a Ƙofar Kudu, su ɗauki hotuna, washegari su nufi filin jirgi. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda taƙaddamar sarauta, sai birnin ya rasa wani abin da zai riƙe baƙo da shi.

Na sha zagaya cikin birni a ƙafa tare da ɗalibaina, kuma na tabbata wuni guda ya isa mutum ya ga abin da zai daɗe bai manta ba. A fara da hawa Dala da sanyin safiya, inda tarihin Barbushe ya samo tushe, inda kuma ake hango birnin a shimfiɗe, da abin da ya rage na ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa wajen ƙarni na 12. Daga nan a gangara Kurmi, kasuwar da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta ƙunci gare su, ƙamshin kanumfari da citta da turaren wuta yana cakuɗe da warin sabuwar fata, ga linzamai da siradda da zabira rataye a rumfuna. A wuce majema wajen Ƙofar Wambai, a ga yadda ake jiƙa fata da bagaruwa, a kankare ta, a shanya. A huta a inuwar sorayen Gidan Makama, sannan a ƙarasa Ƙofar Mata.

Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, shi ne inda nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Marini yakan zuba ruwa da baba da toka da katsi cikin rami mai zurfi, ya bar su su ruɓa har kumfa ta taso. Sai ya tsoma zane, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Zanen yakan fito da launin kore-kore, yana haɗuwa da iska sai ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka, kuma gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launi. A gefe guda masu bugu suna dukan tufa da tabarya a kan gungume har ta yi sheƙi. Wannan sana'a ce Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Yau ramuka da dama sun kafe, wasu shara ta cike su, atamfar waje mai araha ta danne kasuwa, 'ya'yan marina da yawa kuma sun koma tuƙa adaidaita sahu.

Duk waɗannan wurare suna nan, kowanne yana zaman kansa. Babu alamar da ke nuna wa baƙo hanya daga wannan zuwa wancan, babu takardar bayani, babu tsayayyen farashin shiga, jagora kuma sai wanda aka ci karo da shi a bakin ƙofa. Baƙo yakan ɗauki hoton dattijo da hannuwansa rine da shuni, ya miƙa masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya wuce.

Abin lura a labarin Stellenbosch shi ne, masu sana'ar ne da kansu suka fara. Shugabannin marina da majema da dukawa da 'yan Kurmi za su iya zama su tsara hanya guda, da tikiti guda, da rabon da kowa ya san nasa. Ɗaliban tarihi da harsuna na Jami'ar Bayero za su iya zama jagorori lokacin hutu, da Hausa da Turanci da Larabci da Faransanci. Nauyin gwamnati shi ne kwashe shara, gyara magudanai, da hana cin ganuwa da gine-gine. Baƙon farko da ya kamata a nema ma ba Bature ba ne: iyalan da ke zuwa Sallah gida daga Kaduna da Abuja da Maraɗi, da makarantun da ke kai yara yawon ilimi, sun isa su riƙe hanyar duk shekara. Idan marini ya ga karofi na ciyar da gidansa, zai koya wa ɗansa rini ba tare da kowa ya roƙe shi ba.