Ɗakin da Ba a Cikawa

Ina cikin shekarata ta biyu a cibiyar kwamfutocin wani banki a Faransa aka ba ni wani aiki da na raina. Aka ce in duba ma'adanar da manyan injinanmu suke tarayya a kanta, in rubuta wa kowane aiki rabonsa. Na ɗauka abin wuni guda ne.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai san harkar ba. Manyan kwamfutocin IBM, jikokin System/360 da aka sanar a 1964, su ne har gobe suke riƙe da asusun jama'a a bankuna da dama. A 1994 kamfanin ya fito da Parallel Sysplex, tsarin da ke iya haɗa har guda 32 su yi aiki kamar ɗaya, in wani ya faɗi sauran su ci gaba. Abin da ke haɗa kansu shi ne Coupling Facility, ma'adana mai sauri wadda kowa ke rubutu a cikinta, kowa ke karantawa. Ni gidan gandu nake ce mata, domin ɗaki-ɗaki ake yanka ta.

Ɗakunan sadarwa ƙanana ne, amma su ne ƙofar shiga. Akwai ISTGENERIC: idan ma'aikacin reshe ya nemi manhaja da suna guda, a nan ake ajiye bayanin da za a duba a san injin da za a tura shi, a kuma tuna inda aka kai shi. Akwai EZBEPORT, mai rajistar lambobin ƙofa, don kada injina biyu masu adireshi ɗaya su ɗauki lamba iri guda. A takardar tsari da ake kira CFRM ake rubuta wa kowane ɗaki girman da zai fara da shi, iyakar da zai kai, da gidan da zai koma in nasa ya sami matsala.

Gidaje biyu gare mu, kuma na tarar kusan rabin kowanne babu komai. A idona wannan asara ce. Daidai lokacin masu kula da rumbun bayanai na Db2 suna ta kukan ƙarancin wuri, dattijon da ke koya mini aiki kuma yana hutu. Sai na ƙara musu daga wurin nan da ke zaune banza, har aka yaba mini.

Bayan wasu watanni, a wani daren Asabar, aka tashi sabunta manhajar gida na farko. Dole a kwashe duk abin da ke cikinsa zuwa na biyu. Manyan ɗakuna suka wuce ɗaya bayan ɗaya, suka cinye wurin. Da aka zo kan ISTGENERIC, babu inda zai sauka. Ƙaurar ta tsaya, ɗakin ya zauna inda yake. Wajen ƙarfe uku na dare muka mayar da komai, aka ɗage aikin. Ko sisin kowa bai ɓata ba, amma zufa ta jiƙa mini riga cikin sanyin ɗakin injina.

Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce, "Yau mu muka zaɓi lokaci. Ranar da gidan zai mutu da kansa, ba zai yi shawara da mu ba." Na hango safiyar Litinin, ma'aikata suna neman shiga da sunan da suka saba, injinan duk lafiyarsu ƙalau, amma babu mai nuna musu hanya.

Daga ranar na kama ƙa'ida: abin da ke cikin gidajen biyu, in an haɗa, dole ya shiga cikin ɗaya. Na koyi sake lissafi da CFSizer duk lokacin da manhajar ta canza, don sau da yawa ɗakuna kan ƙara buƙatar wuri. Na daina raina gargaɗin da ke fitowa idan ɗaki ya kai kashi 80 cikin 100.

A gidanmu na Damagaram akwai ɗakin baƙi kusa da zaure. Muna yara mun sha roƙon Inna ta bari mu zuba tarkacenmu a ciki, ta ƙi. Takan ce baƙo ba ya faɗin ranar zuwansa. Yanzu ni ake tambaya a taron kasafi dalilin biyan kuɗin wurin da ba a amfani da shi. Nakan buɗe musu rahoton daren Asabar ɗin nan, wanda sunana ke ƙasansa.