Abin Da Na Rubuta A Bayan Littafin Lissafin Kawu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Gombe ta nufi Dadin Kowa har zuwa Biu, to ya ratsa ta garinmu Kwadon, kuma ko bai tsaya ba hancinsa ya gaya masa cewa ya iso kasuwar kayan gwari. A nan aka haife ni, cikin kwandunan tumatir da buhunan albasa. Mu Terawa ne, da harshen Tera na buɗi baki, Hausa kuwa a kasuwa da makarantar allo na tsince ta. Saboda haka idan mai karatu ya ga inda na yi tuntuɓe, sai ya yi mini uzuri irin na baƙo, duk da dai baƙon ya daɗe har ya san inda ake ajiye tsintsiya.

Tun ina sakandare nake da burin yin rubutu, kuma na san abin da nake so in rubuta, wato labarai da waƙoƙin kakata wadda ta haifi mahaifiyata. Tsohuwa ce mai baki. In tana surfe ko tana ɓarar gyaɗa sai ka ji ta ɗauko waƙa da Teranci, wadda a nan take take ƙirƙirar ta, duk wanda ya ɓata mata rai a makon nan kuwa sai ya ji kansa a ciki. Ban taɓa jin ta ce a rage mata aiki don ta samu sukunin yin waƙa ba. Hannu yana aiki, baki yana nasa. Da na samu shiga jami'a na ce mata zan zauna in rubuta abubuwan nan in mayar da su Hausa, sai ta riƙa tsokana ta tana cewa, "Maigidana, yaushe za ka kawo takardar taka?" Amsata kullum ɗaya ce: "Kaka, sai an yi hutu."

To, hutun ya zo, har ya fi ƙarfin abin da na roƙa. A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki tun daga watan Fabrairu har zuwa Oktoba, wata takwas cur. Na shiga Gombe na sayo littafi mai bango mai kauri da biro biyu, na rubuta suna da kwanan wata a shafin farko. Daga nan fa sai dalilai suka yi ta zuwa. Yau zafi ya yi yawa, gobe babu wuta, jibi akwai ƙwallo a gidan kallo, gata kuma Kaka tana nan ai, ina za ta? Da aka janye yajin aikin na ƙirga abin da na rubuta, shafi uku ne da rabi. A daminar 2023 Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta da rahama.

Sai daga baya na gaya wa kaina gaskiya, cewa ba zafi ne ya hana ni ba, tsoro ne. 'Yan uwana ɗalibai sun san Hausarmu ta wannan yanki ba ta cika damuwa da bambance jinsi ba. Mu a wurinmu "motan nan" da "rigan nan" daidai ne, babu wanda zai ɗaga kai ya dube ka. A shekarata ta farko na karanta wani ɗan labari a gaban aji, kafin in kai ƙarshen sakin layi na biyu dariya ta ɓarke daga baya. Tun daga ranar, duk jimlar da na rubuta sai in ji kamar ana leƙe ta ta kafaɗata. Mutumin da ke cikin wannan hali, ko shekara ka ba shi, fensir kawai zai yi ta feƙewa.

A darasin rubutaccen adabi ne na fara ganin abin ta wata fuska. Kowa a cikinmu ya haddace labarin gasar da Rupert East ya shirya a 1933 don amsa jarrabawa, amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne su wa suka shiga. Abubakar Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta Shaihu Umar, shi ma matashin malamin makaranta ne a Bauchi, lokacin Gombe tana ƙarƙashin lardin Bauchi. Sa'o'ina ne ke nan, kuma kowannensu yana da aji da ke jiran sa da safe. Gaskiya ne a 1936 an ɗauko Imam daga aji an kai shi Zariya ya yi wata shida yana aikin Magana Jari Ce, to amma an yi masa wannan gata ne bayan an ga abin da ya yi ba tare da gatan ba. Ni kuwa so nake a fara ba ni wata shidan tukuna, alhali ma an ba ni takwas na ɓarar.

Yanzu bari in faɗi yadda nake yi, ba don ina ganin dabarata ta fi ta kowa ba. Kawuna dillalin tumatir ne, kuma ranakun da ba ni da lacca ni ke riƙe masa littafin lissafi: kwando nawa manomi ya kawo, nawa aka sayar, nawa ne la'ada. Aikin nan gudu da tsayuwa ne. In mota tana lodi ko ruwa ba ka samun sha, in ta tashi kuma sai a zauna ana hamma har wata ta iso. Wata rana a irin wannan zama na juya littafin ta baya, na rubuta yadda wani manomi ya yi rantsuwa har sau uku cewa ba zai sallama ba, sannan ya sallama. Layi shida ne. Da yake ba littafin adabi ba ne, babu wanda na ji yana leƙe na. Washegari na ƙara. A cikin mota kuma, tsakanin Kwadon da Gombe, a waya nake dannawa, in dai ba a matse ni da yawa ba. Da Hausar bakina nake fara rubutawa, da "motan" da komai. Ranar Juma'a bayan la'asar sai in ɗauko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda aka buga a 2006, in bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ina duba jinsinsu. Wasu wuraren ma da gangan nake barin su, domin in dillalin Kwadon ya buɗe baki da Hausar Kano, ƙarya na yi masa.

Kada wani ya ɗauka abin kyauta ne. Na bar gidan kallo, abokaina har yanzu suna ce mini Shehun Malami. Akwai kuma ranar da hankalina ya tafi kan wata jimla na tsallake kwando biyu ban shigar ba, aka yi ta cacar baki da mai kaya, a ƙarshe Kawu ya biya daga aljihunsa. A ranar ce ya karɓi littafin yana neman inda kuskuren yake, ya juya baya ya tarar da abin da ban so ya gani ba.

Ya yi shiru yana karantawa da yatsa a kan layi, ni kuwa gumi yana keto mini. Ashe a kan wani labarin Kaka ya faɗa, wanda na rubuto daga abin da na iya tunawa, na matar da ta je ɗebo ruwa a shekarar yunwa. Da ya gama sai ya ce, "Kai, ba haka Inna take faɗa ba. Ba kura matar ta gamu da ita ba, kishiyarta ce. Kura ta wani labarin ce daban, ka haɗa biyu wuri guda." Na ce, "Kawu, to yaya ɗayan yake?" Ya ce shi farkonsa kawai ya riƙe, amma babbar yayarsu da ke aure a Deba ta san shi har ƙarshe, da waƙar da ke cikinsa. Ya zaro kuɗi ya miƙo mini ya ce in sayi littafina daban, in raba masa tumatir da tatsuniya, kuɗin kwando biyu kuma yana nan yana bi na.

Na buɗe baki zan ce in an yi hutu zan je Deba, sai na kama kaina. Ranar Asabar ɗin makon na hau mota, da sabon littafin a aljihu da leda cike da tumatir na tsaraba.