Sunan da Na Kasa Kawowa



A hutun da ya wuce, 'yar yayata da ke aji huɗu na sakandare a Makarfi ta same ni ina shan iska a tsakar gida, ta ce, "Kawu, wai akwai macen da ta karanta Fiziks har ta zama wani abu?" Na ce mata Marie Curie, wadda ta ci kyautar Nobel a 1903. Ta ce, "Ba Baturiya nake nufi ba. Irinmu." Na yi tsuru-tsuru. Ashe so take ta bar ajin kimiyya, don ƙawayenta sun ce Fiziks na maza ne.

Abin kunyar, amsar tana nan Kano, sai daga baya na gano. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id, 'yar Wangara ta ƙaramar hukumar Gezawa, malamar Fiziks ce a Jami'ar Bayero, bincikenta a kan iska da yanayin sararin samaniya. Tana gama sakandare aka yi mata aure, ta haihu, sai da ta kai shekara 29 ta shiga jami'a. A 2015 Gidauniyar Elsevier ta karrama ta cikin mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, a shekarar kuma BBC ta sa ta cikin fitattun mata 100 na duniya. Can waje an tafa mata. A gidanmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba.

Ba wai ba a laccoci ba. Ana yi a Samaru, cikin jami'a, da Turanci, masana na yi wa masana bayani. Daga Hunkuyi zuwa Zariya ba wata tafiya ba ce, amma wace yarinyar Kudan ce za ta shiga wannan zaure?

Sai na yi karambani. Wani abokina malami a Ikara ya tara mini ɗalibansa mata, na ba su labarin Farfesa, sannan na tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Na san amsar da Turanci, amma da na zo faɗa da Hausa sai harshena ya sarƙe, ina ta kame-kame, ni da nake kiran kaina marubuci. Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, randa gumi take yi, iska na busar da gumin yana tafiya da zafin." Ban taɓa jin an faɗe shi da kyau haka ba. Daga nan suka ɓarke da nasu tambayoyin, har da dalilin da ruwan rake ke yin kauri a kasko ya zama mazarƙwaila.

A hanyar komawa na yi ta lissafa taurarin littattafan da muke rubutawa: likita, lauya, matar Alhaji. Ban tuna ko ɗaya da ke auna zafi ko nazarin iska ba, har da nawa.

'Yar yayata dai ba ta ce ta fasa barin ajin ba. Ta karɓi wayata ta daɗe tana kallon hoton Farfesa, sannan ta ce, "Kawu, ashe ma da mayafinta."