Rabin Takarda a Injamena

Shekara uku ke nan da aiki ya kawo ni Injamena daga Zariya, amma ban taɓa jin kewar gida irin ta ranar da 'yata ta dawo makaranta da rabin takarda a hannu ba. Ta shiga ajin farko na sakandare, inda a nan ne aka fara koya musu Ingilishi, tunda Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma a Chadi. Ta miƙo mini ta ce, "Baba, ashe Ingilishi ba wuya? Malam ya ce aikatau mai bin ƙa'ida duk a nan ya ƙare."

Na duba. Kalma huɗu ce a jere: walk, walks, walked, walking. A ƙasansu book da books. Shi ke nan.

Raina ya ɓaci. Abin da muka shekara shida muna yi a firamare da Brighter Grammar da bulala, shi ne za a naɗe wa yarinya a rabin takarda? Washegari na sami malamin. Bai yi musu da ni ba, sai ya jawo Bescherelle, littafin da yaransu ke haddace aikatau na Faransanci da shi, ya buɗe shafin parler. A lokaci guda kaɗai akwai parle, parles, parlons, parlez, parlent, ga sauran lokuta sun cika shafi. Ya ce yaron da ya sha wannan tun firamare, siffa huɗu ai shan ruwa ne a wurinsa.

Na fito ina jin kishi, ba zan ɓoye ba. Mu a Hausa aikatau ba ya motsi saboda lokaci: na tafi, zan tafi, nakan tafi, wakilin suna ne ke ɗaukar kayan. Shi ya sa yaranmu har a takardar WAEC ke mance -ed. Yaran nan kuwa idonsu na kan wutsiyar kalma tun suna ƙanana. Batun jam'i kam ba wanda ke da uzuri. Wanda ya iya gida da gidaje, doki da dawaki, ko ya ji 'yan Kasuwar Dembe na cewa bet da buyut da Larabcinsu, harafi ɗaya ba zai gagare shi ba.

Da daddare na sa ta karanta mini takardar da ƙarfi. Nan asiri ya tonu. Ta rubuta books daidai, amma da ta buɗe baki sai ta haɗiye s ɗin, kamar yadda Faransanci ya saba mata, inda ake rubuta shi ba a furta shi. Walked kuma ta raba shi gaɓa biyu. Can gida Najeriya kuwa, ɗan Sabon Gari da bai gama firamare ba ya ji Ingilishi a rediyo da tasha da bakin malamai har kunnensa ya saba. Wannan rabin takarda ba ta da kunne.

Tun ranar, bayan sallar isha'i mukan zauna minti goma. Nakan sa ta ɗora yatsa a maƙogwaro. In sautin ƙarshe bai kaɗa maƙogwaro ba, kamar k ko p, to -ed ya zama t, walked da stopped gaɓa ɗaya ɗaya ne. In ya kaɗa, kamar played, d ne. Gaɓa ba ta ƙaruwa sai kalma ta ƙare da sautin t ko d, irin wanted da needed. Haka s: a books s ne, a dogs z ne, a buses da boxes kuma gaɓa ce sukutum. A rubutu, in baƙi ya gabaci y sai ta koma i, carry ya zama carried, baby ya zama babies, amma play da boy ba a taɓa musu y. Stop kan ninka p kafin -ed da -ing, make kuma ya zubar da e ɗinsa a making. Ba na barin ta haddace kalma ita kaɗai, sai ta sa ta a jimla da yesterday ko two a gaba. Na kuma aika wani direban da ke zuwa Maiduguri ta Kusiri ya sayo mana Brighter Grammar.

Takardar ban yar da ita ba. Na manna ta a bangon ɗakinta, na ma ɗauki hotonta na tura wa ƙanena da ke koyarwa a Samaru, ko ɗalibansa za su daina zubar da -ed.

Iyaye 'yan'uwana da ke zaune a nan, musamman masu niyyar mayar da yara jami'a a Najeriya: in ɗanku ya kawo irin wannan takarda, kada ku tsaya a duba maki. Ku sa shi ya karanta muku da ƙarfi.