Tsaka da Kyanwa a Gida Guda

A cikin ƙananan halittun da ke zaune tare da Bahaushe a gidansa, ba na jin akwai wadda ta kai tsaka baƙin jini. Ƙadangare ana barinsa ya sha hantsi a kan katanga, gizo ya sami sarauta a tatsuniya, amma tsaka da zarar an hango ta a bango sai ka ji salati, ka ga an rarumi takalmi. Kyanwa kuwa 'yar gata ce. Ba a dukanta sai da dalili, ba a ƙyamar ruwan da ta sa wa baki, har babban Sahabin nan Abu Huraira daga gare ta ya samo laƙabinsa. Saboda haka in aka ce wa mutumin Daura akwai ƙasashen da ake sayen tsaka da kuɗi, a yi mata ɗakin gilashi, sa'an nan a kwana da zullumin kada kyanwa ta taɓa ta, cewa zai yi duniya ta zo ƙarshe. Mu da tarihin garinmu ya faro daga sare kan macijiya a rijiyar Kusugu, ina mu ina abota da mai jan ciki?

To, amma a gidanmu an yi. Ƙanena ne ya jawo mana. Yana karatun ilmin halittu a jami'a, sai ya zo dogon hutu da akwatin gilashi, a cikinsa da wata irin tsakar daji wadda wani manomi ya kamo masa a gindin tsohon suri a wajen Sandamu. Aikin da aka ba shi shi ne ya lura da cinta da kwananta, ya rubuta. Ba irin ta bango ba ce. Tsawonta ya kai kamar santimita 20, jikinta ratsi-ratsi ne na ruwan ƙasa, tana da fatar ido da take rufewa, kuma ba ta iya hawa bango mai santsi, don ba ta da irin tafin nan mai mannewa na 'yar'uwarta ta cikin ɗaki. Babbar alamarta ita ce wutsiya mai kauri, wadda ita ce rumbunta: a nan take tara kitsen da za ta ci da rani. Ana samun irinta daga Senegal har Kamaru, kuma an daɗe ana fitar da ita daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin zuwa Turai da Amurka, inda masu kiwonta ke cewa takan yi shekara 15 ko fiye. Watau abin da muke jifa da takalmi, wasu jirgin sama suke sa shi.

Kakarmu ce mai kyanwa a gidan, wata baƙa mai farin wuya, wadda ba ta da wurin kwana sai bakin gadonta. Ran da tsohuwa ta leƙa akwatin, ja da baya ta yi tana tafa hannu.

"Kai, maigidan, kishiyar da za ka yi mini ke nan? Duk 'yan matan Daura ka rasa wadda za ka kawo sai uwar kuturta?"

"Hajiya, ai karatu ne."

"Karatu? In bokon ke nan, Allah ya sawwaƙe. Kada in gan ta kusa da randa."

Kyanwa ba ta yi gardama da kowa ba. Zama kawai ta yi a gaban gilashin ta zuba ido. Wanda bai taɓa ganin wannan zama ba sai ya ɗauka sha'awa ce. Ba ta motsi sai bakin wutsiya, tun daga magariba, lokacin da tsakar ke fitowa neman gyare, har dare ya raba. Ƙanena ya gwada tsawa, ya gwada yayyafa mata ruwa, ya gwada cika mata ciki da kan kifi, duk a banza. Kyanwa ba don yunwa kaɗai take farauta ba; duk ƙaramin abu mai motsi nata ne, hali kuwa zanen dutse. Cikin mako guda tsakar ta daina cin abinci, ta shige ƙarƙashin katangar tukunyar da aka kifa mata, ta ƙi fitowa. Ashe ba sai an kai ga farce ba, kallon ma kisa ne a hankali. Wata asuba muka ji ƙarar faɗuwar murfi, muka tarar da kyanwa a bisa akwati ta zura hannu, ga wutsiyar tsakar a gefe tana wutsil-wutsil ita kaɗai. Wannan dabara ce da Allah ya ba ta: ta yar da wutsiya, maƙiyi ya shagala, ita ta tsira. Amma ga mai rumbu a wutsiya, hasara ce irin ta manomin da gobara ta cinye masa hatsin shekara.

Daga ranar aka daina ƙoƙarin shirya su, aka koma ga raba su. Aka mai da akwatin shagon samari na kusa da zaure, mai ƙyauren da ke rufuwa sosai. Wani maƙeri ya yi masa murfin ragar waya mai sakata, don iska ta shiga, hannu kuwa kada ya shiga. Aka lulluɓe gefe uku na gilashin da tsohon zane, aka kawar da kujera da buhun da kyanwa za ta iya takawa, aka toshe tagar da raga. Abin da ya fi wuya shi ne yara, don ƙyaure ba ya rufe kansa. Bayan kwana goma tsakar ta kama gyaren farko.

Maganar kuturta fa? Ba Hausawa kaɗai ke da wannan zato ba. Ɗaya daga cikin sunayen tsaka a Larabci, samm abras, ya haɗa dafi da albaras. Wataƙila launin fatarta da yadda take saɓa fari fat ne suka jawo mata. Amma tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da ke haddasa kuturta, kuma daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa bayan doguwar cuɗanya. Tsakar gida ba ta da dafi. Duk da haka ban ga dalilin yi wa tsohuwa dariya ba, domin kashin tsaka na iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Rufe randa da kwanon tuwo da ta nace a kai daidai ne, sunan cutar ne kawai ya sha bamban. Ƙanena ma bai taɓa fita daga shagon nan ba tare da ya wanke hannu da sabulu ba.

Abin da ya sauko da Hajiya kuwa ba Hansen ba ne. Tun muna yara take cewa kyanwar da ta saba cin tsaka ramewa take yi, mu kuwa muna jin ta ne kawai. Sai ga ƙanena ya zo mata da littafi yana cewa likitocin dabbobi sun san wannan: akwai wata tsutsar hanta a ƙasashe masu zafi wadda ke bi ta jikin dodon koɗi, ta kai ga ƙadangaru da tsaka, in kyanwa ta ci su sai ta kamu da amai da rama da shawara. Tsohuwa ta gyara zama ta ce, "To, yau boko ya iso inda muke." Daga nan ita ce ta zama mai gadin ƙyauren, ba don tsakar ba, don kyanwarta.

Saura abu guda, wanda na san mai karatu yana jiran ya ji. Akwai hadisai a Buhari da Muslim da suka yi umurni da kashe tsaka, aka kuma ambaci hura wutar da ta yi wa Annabi Ibrahim, alaihis salam. Babanmu ya tuna wa ƙanena wannan tun daren farko, babu kuma wanda ya yi jayayya. Sharaɗin da ya gindaya shi ne, tun da don neman ilmi aka kawo ta, kada ta shiga cikin gida, kada kuma ta kwana ko ɗaya bayan an gama aikin.

Haka aka yi. Ana saura kwana biyu Sallar Gani ƙanena ya rufe littafinsa, muka hau babur zuwa gonar Sandamu da magariba. Wutsiyar ta riga ta toho, sai dai gajera ce, dunƙulalliya, babu ratsin nan na da. Ya karkata akwatin a gindin surin, ta ɗan tsaya tana lasar baki, sa'an nan ta shige rami.